Shekarun da Aka Hana Matan Ailan Tambaya

Idan aka ɗauko zancen zubar da ciki, yawanci muhawara takan tsaya ne a kan halacci ko haramci, kuma kowane ɓangare yana da hujjojin da ya riƙe da gaske. Amma akwai wata tambaya da ba a cika kula da ita ba, alhali ta fi kusa da majinyaci da iyalinsa: mene ne likita zai iya faɗa wa mace game da jikinta, kuma mene ne ya wajaba ya faɗa mata? Ƙasar Ailan, tsibirin da ke yamma da Birtaniya, ta yi fama da wannan tambaya shekaru da dama, kuma labarinta yana da amfani ga duk wanda ya taɓa zama a bakin gadon asibiti yana jiran bayani.

Tun zamanin mulkin Ingila, dokar 1861 ta haramta zubar da ciki a Ailan. A watan Satumba na 1983 jama'ar ƙasar, waɗanda akasarinsu mabiya ɗarikar Katolika ne, suka ƙara wa haramcin ƙarfi ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Kusan kashi 67 cikin ɗari suka amince da gyara na takwas ga tsarin mulki, wanda ya daidaita haƙƙin rayuwar ɗan tayi da na mahaifiyarsa. Sai dai Birtaniya ta riga ta sassauta tata dokar tun 1967, saboda haka dubban mata kan tsallaka teku kowace shekara zuwa asibitocin Landan da Liverpool. A 2001 kaɗai, fiye da mata 6,000 ne suka ba da adireshin Ailan a asibitocin Ingila da Wales.

Da masu goyon bayan haramcin suka ga ba za su iya tsare teku ba, sai suka juya kan bayani. Wata ƙungiya mai fafutukar kare 'yan tayi ta kai ƙarar cibiyoyin ba da shawara biyu na birnin Dublin, Open Door da Well Woman. Babbar kotu a 1986, sannan kotun ƙoli a 1988, suka hana su gaya wa mace suna ko adireshi ko lambar wayar wani asibiti na waje. Hukuncin ya kai har ga ƙungiyoyin ɗalibai da ke buga irin waɗannan adireshi a littattafansu. Wasu mujallun Birtaniya ma sun riƙa fitowa a Ailan da gurbi fari fat a inda tallar asibiti take.

Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Mata ba su daina tafiya ba. Mai ilimi da kuɗi takan nemo lambar a kundin lambobin waya na Ingila, ta sayi tikiti, ta dawo ba wanda ya sani. Wadda ba ta da hanya kuwa sai ta yi ta lalube har ciki ya yi nisa, a lokacin da haɗari ya ƙaru, kuma idan ta dawo da zubar jini ko zazzaɓi sai ta ji tsoron zuwa wurin likitanta. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ambaci waɗannan illoli a watan Oktoba na 1992, ta yanke cewa hanin ya keta 'yancin bayarwa da karɓar bayani. A nawa ganin, akwai wata asara da ba a cika lissafawa ba: an rufe ɗakin da mace za ta zauna a tattauna da ita a tsanake, a nuna mata dukkan hanyoyi, har da riƙe cikin da irin tallafin da za ta samu. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma duhun bai bambanta wadda za ta zubar da wadda za ta riƙe ba.

A farkon wannan shekarar ta 1992 ne kuma shari'ar da aka sani da harafin X ta girgiza ƙasar. Yarinya ce 'yar shekara 14 da aka yi wa fyaɗe ta yi ciki, babbar kotu ta hana ta fita Ingila, kotun ƙoli ta soke hanin saboda fargabar za ta kashe kanta. A watan Nuwamba jama'a suka sake jefa ƙuri'a, suka tabbatar da 'yancin tafiya da 'yancin samun bayani, ba tare da sun taɓa haramcin kansa ba. Dokar 1995 ta ba likita damar ba da adireshi, amma ta hana shi ƙarfafa gwiwa ko shirya wa mace ganawa da asibitin waje.

Saura dai matsala guda, wadda ta fi tsanani. Doka ta yarda a katse ciki idan ran uwa yana cikin haɗari na haƙiƙa, amma ba a fayyace wa likitoci inda iyakar take ba. A ranar 21 ga Oktoba 2012, Savita Halappanavar, likitar haƙori 'yar asalin Indiya mai shekara 31, ta je wani asibiti a birnin Galway da ciwon baya, tana da cikin mako 17. Aka shaida mata cewa ɓari ba makawa. Faya ta fashe, ita da mijinta suka roƙi a cire cikin, aka ce ba za a iya ba muddin zuciyar ɗan tayin tana bugawa. Kwanaki suka shuɗe bakin mahaifa a buɗe, ƙwayoyin cuta suka shiga jini, ta rasu ranar 28 ga watan.

Binciken da hukumar lafiya ta ƙasar ta kafa bai ɗora laifin a kan doka kaɗai ba. Ya gano cewa an fi mai da hankali ga jiran bugun zuciyar ɗan tayi fiye da sa ido kan haɗarin da ke tunkarar uwa, ba a bibiyi yanayinta yadda ya kamata ba, kuma ba a gabatar mata da dukkan zaɓin magani ba. Wannan ɓangaren ya shafi kowace mai juna biyu a ko'ina take. Bayan fashewar faya ko lokacin ɓari, zazzaɓi da rawar ɗari da saurin bugun zuciya da ruwa mai wari alamomi ne da ba a kwana da su, kuma dangi suna da damar tambayar abin da gwajin jini ya nuna, da abin da za a yi idan jiki ya ƙara rikicewa.

Mutuwarta ta sa aka yi dokar 2013 da ta tsara yadda likitoci za su yi idan ran uwa yana cikin haɗari. Daga 2016 zuwa 2017 aka tara talakawa 99 da aka zaɓo ba bisa ra'ayinsu ba, ƙarƙashin wata alƙaliyar kotun ƙoli, Mary Laffoy, suka saurari likitoci da lauyoyi da malaman addini da matan da abin ya shafa, kafin su ba majalisa shawara. Ranar 25 ga Mayu 2018, kashi 66 da ɗoriya suka zaɓi a soke gyara na takwas, yayin da kusan kashi ɗaya cikin uku suka tsaya kan bakansu. Sabuwar dokar, wadda ta fara aiki a Janairun 2019, ta amince da zubarwa har zuwa mako 12, da sharaɗin jiran kwana uku bayan ganawar farko da likita. A kan waɗannan kwanaki ukun ma gardama ba ta lafa ba: wasu na ganinsu lokacin nazari ne, wasu na cewa jinkiri ne da ke cutar da matar da ta riga ta gama tunaninta.