Izinin Ratsa Sama: Ƙananan Jirage Daga Kano Zuwa Djougou

Sararin samaniyar da ke bisa Bariénou, a gundumar Djougou ta arewacin Jamhuriyar Benin, yana da masu kula da shi dare da rana, ko da yake manomin da ke huɗar doya a ƙasa ba ya ganin komai sai farin layin da manyan jirage ke bari can ƙololuwa. Duk jirgin da zai shiga yankin sama da aka killace, babba ne ko ƙarami, sai ya nemi izini ta rediyo, a faɗa masa hanyar da zai bi da tsayin da zai riƙe. Jirgin da mutum ya haɗa da hannunsa kuwa izini uku yake buƙata: takardar da ta amince jirgin ya tashi, lasisin matuƙinsa, da kuma amincewar jami'in hasumiya a daidai lokacin da ya iso bakin yankin.

Neman izinin wucewa ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja suna bi ta Nikki da Parakou da Djougou, kuma a kowane gari madugu ne ke shiga gaba ya kai gaisuwa, ya biya kuɗin hanya, kafin a nuna wa ayari zango. Haka sama ma ta koma, sai dai ita ta ɗauki shekaru kafin ta samu masu gadi.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku samfurin DH.9A na rundunar sojan saman Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, kuma su ne jirage na farko da suka taɓa ƙasa a Najeriya. Babu hasumiya, babu wanda za a kira a nemi izini. Abin da ake buƙata kawai shi ne fili sharare da tanadin mai. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano. Tsofaffin hotunan filin jirgin Kano na shekarun 1950 suna nuna mutum bisa raƙumi da kakaki a baki, yana shelar isowar jirgi.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya cika saman yankin. Daga 1940 ana haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a tuƙa su ayari-ayari ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy har Masar, kuma dubban jirage suka bi wannan hanya. Kafin yaƙin ya ƙare, a ranar 7 ga Disamba 1944, aka sa hannu kan Yarjejeniyar Chicago, wadda ta haifar da hukumar ICAO a 1947. Sashenta na farko ya ce kowace ƙasa ita ke da cikakken iko da sararin da ke bisa ƙasarta. Duk wani izini da ake nema a yau daga wannan sashe ya samo asali.

An yanka saman duniya zuwa manyan yankunan kula da jirage, kuma layukan ba koyaushe suke bin iyakokin ƙasashe ba. Najeriya gaba ɗayanta tana cikin yankin da ke ɗauke da sunan Kano, wanda hukumar NAMA, da aka kafa da dokar 1999, ke gudanarwa. Ƙasashen da Faransa ta raina kuwa hannu suka haɗa: ranar 12 ga Disamba 1959, a Saint-Louis ta Senegal, aka kafa ASECNA, mai hedikwata a Dakar, wadda ke kula da sararin da ya haura murabba'in kilomita miliyan 16. Benin mamba ce tun tana Dahomey. Amma duk da haka mafi yawan samanta da na Togo sun faɗa cikin yankin Accra, kuma Gana ce ke kula da jiragen da ke ratsa ƙololuwarsu shekaru da dama, sai a 2015 aikin ya koma hannun ASECNA daga cibiyar Lome. Masu wannan aiki da yawansu a Nijar da Najeriya suka yi karatu: makarantar EAMAC ta Yamai tun 1963, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tun 1964.

A 1990 ICAO ta raba sarari zuwa aji bakwai, daga A zuwa G. Ajin A na masu tuƙi da na'ura ne zalla, ƙaramin jirgin da matuƙinsa ke dogara da ido ba shi da wuri a ciki. Ajin G ba a killace shi ba, matuƙi na iya tafiyarsa yana duba gabansa. Tsakaninsu, a ajin B da C da D da aka saba ɗorawa kewayen manyan filaye, nan ne ƙaramin jirgi ke tsayawa neman izini.

Yadda abin ke gudana ya cancanci a bi shi dalla-dalla. A ɗauka matuƙi zai tashi daga Parakou zuwa Kwatano. Aƙalla minti 60 kafin tashi zai miƙa takardar tsarin tafiya, ya rubuta lambar jirgi, wadda a Benin ke farawa da TY, a Najeriya da 5N, a Nijar da 5U. Ya sa DBBP a gurbin filin tashi da DBBB a gurbin filin sauka, da tsayin da zai bi, da awannin da mansa zai kai, da yawan mutanen da ke ciki. Idan ya kusanci Kwatano, tun bai taɓa layin yankin ba, zai danna maɓallin rediyo ya faɗi lambarsa, da inda yake, da tsayinsa, da abin da yake nema. Jami'in zai ba shi lamba mai alƙaluma huɗu ya murɗa a na'urar da ke amsa kiran radar, nan take jirginsa ya fito a allo da tsayinsa a gefe. Sannan a ba shi hanya, shi kuma ya maimaita umarnin baki da baki don a tabbata ya ji daidai. Idan manyan jirage sun yi layi, ana iya ce masa ya tsaya waje yana kewayawa, kuma ba shi da ta cewa. Rediyo idan ta mutu sai ya sa 7600, ya zuba wa hasumiya ido: koren haske tsayayye na nufin ya sauka, ja tsayayye na nufin ya ba wani hanya ya ci gaba da kewayawa.

Tsananin nan asarar rayuka ce ta kawo shi. Ranar 31 ga Agusta 1986, a saman Cerritos kusa da Los Angeles, wani ƙaramin jirgin Piper ya shiga yankin da aka killace ba da izini ba, kuma na'urarsa ba ta nuna tsayi. Ya yi karo da jirgin DC-9 na Aeroméxico, mutum 82 suka mutu, 15 daga cikinsu suna ƙasa. Bayan wannan ne Amurka ta tilasta wa ƙananan jirage ɗaukar na'urar nuna tsayi a kewayen manyan filaye, manya kuma na'urar gargaɗin karo.

A yankinmu akwai ƙarin cikas, wato hazo. Mai tuƙi da ido yana buƙatar ya iya hangen kilomita 5 a ƙasa da ƙafa 10,000, kuma ko izini na musamman ba ya sauka ƙasa da mita 1,500. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu kan rufe Kano da Parakou har hangen ya gaza haka kwana da kwanaki. Manyan jirage ma ba su tsira ba: ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano cikin hazo da iska, mutum 176 suka rasu.

Shi kansa jirgin ƙirar gida tarihinsa daban ne. A Faransa Henri Mignet ya ƙera ɗan jirginsa Pou-du-Ciel a 1933, ya wallafa yadda ake yin sa a 1934, mutane da yawa suka shiga sassaƙa katako a bayan gidajensu. Da haɗurra suka yi yawa a 1936 saboda aibi a tsarin fukafukan, sai aka hana shi tashi. Faransa ba ta tsaya a hani ba: a 1938 ta fito da takardar shaida ta musamman, mai iyakoki, domin jiragen da masu sha'awa suka ƙera. Amurka ta bi irin wannan hanya, inda Paul Poberezny ya kafa ƙungiyar EAA ta masu ƙera jirage da hannunsu a 1953, doka kuma ta ce mai jirgin ya yi fiye da rabin aikin da kansa, jami'i ya duba, jirgin ya cika awannin gwaji a keɓaɓɓen wuri nesa da cunkoson jama'a kafin ya ɗauki fasinja.

Najeriya ta taɓa wannan fage ta wata ƙofa. Jirgin Air Beetle da kamfanin AIEP ya haɗa a Kaduna, wanda aka fara nunawa a 1989, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's da ke Oregon, irin wanda ake saye gunduwa-gunduwa a haɗa a gareji. Guda 60 aka yi wa rundunar sojan sama don koyar da matuƙa. Da yake na soja ne, bai share wa makaniken gari hanya ba. A 2007 kafafen labarai suka ruwaito wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa, wanda bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Basira irin wannan tana nan a garejojinmu, kuma abin takaici ne a ce an tsara dokokin saman yankin da manyan kamfanoni a zuciya, alhali mai ƙira ɗaya tilo ya fi kowa buƙatar injiniyan da zai duba waldarsa, da filin gwaji, da hanyar rajista da aljihunsa zai iya ɗauka. Hukumomin da abin ya rataya a kansu su ne NCAA a Najeriya da ANAC a Benin, su ke ba da takardar lafiyar jirgi da lasisin matuƙi.

Ko an samu waɗannan, saura iyaka. Sashe na 40 na Yarjejeniyar Chicago ya ce jirgin da takardarsa ba ta cika mizanin duniya ba ba zai shiga wata ƙasa ba sai da yardarta. Saboda haka jirgin ƙirar gida mai lambar 5N da ke son zuwa Parakou daga Kano sai ya rubuta wa hukumar Benin tun da wuri, ya jira amsa, ya fara sauka a filin da ke da jami'an kwastan da na shige da fice. Idan hanyarsa za ta gifta Nijar, wannan wata takarda ce daban, kuma ƙasa na iya rufe samanta gaba ɗaya, kamar yadda Nijar ta yi daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli.