Wa Ke Cin Gumin Marubucin Hausa?

'Yan'uwa marubuta, duk inda muka haɗu kukanmu ɗaya ne, wato mu ke noma wasu ke girbi. To, kafin mu nemi magani ya kamata mu waiwaya mu ga inda ciwon ya faro, domin Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya.

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Abin lura shi ne, Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk malaman makaranta ne masu albashi, ba su dogara da littafi wajen cefane ba. Hukuma ke bugawa, makarantu ke saye. Haka aka ci gaba zamanin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA, har zuwa kamfanin NNPC a 1966. Marubuci bai san kuɗin takarda ba, amma kuma ƙofar ƙunci gare ta, domin kamfani ya fi son littafin da zai shiga manhajar makaranta.

Da tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare, musamman bayan shirin SAP na 1986 da ya karya darajar naira, sai takarda ta yi tsada, kamfanoni suka ja da baya. Matasa kuwa ba su zauna jira ba. Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da sauransu suka riƙa kai rubutunsu maɗaba'a da kuɗin aljihunsu, har 'yan ƙungiyar Raina Kama a Kano suka riƙa tallata littattafan juna. Wannan shi ne abin da masu suka suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano.

Sai dai 'yancin ya zo da nasa nauyin. Marubuci ya zama shi ne mai jari, shi ne edita, shi ne ɗan talla. Zai kai wa 'yan kasuwa littafi bashi, sai an sayar a biya shi, galibi ba tare da takardar shaida ba. Wanda jarinsa ya maƙale ba ya iya fitar da kashi na biyu, sai ya sayar wa ɗan kasuwa labarin ɗungurungum, a yi ta bugawa shekara da shekaru ba shi da ko sisi. Ga kuma masu ba da hayar littafi, kwafi ɗaya mutum da yawa su karanta.

Shin doka ba ta ce kome ba? Ta ce. Tun zamanin Turawa ana aiki da dokar haƙƙin mallaka ta Ingila ta 1911. Nijeriya ta yi tata a 1970, sannan Dokar Soja mai lamba 47 ta 1988 ta maye gurbinta, aka kafa hukumar kula da haƙƙin mallaka a 1989. A 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta shafi har satar da ake yi ta intanet. Ta wani ɓangaren kuma marubuci ya san doka ne a matsayin takunkumi, tun da Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001, har a 2007 aka ƙona wasu littattafan Hausa a bainar jama'a. Ke nan dokar da ke hana shi ta iske shi har gida, wadda ke kare shi kuwa sai ya fita nemanta.

Da kasuwar littafi ta koma wayar hannu, tsohon ciwon ya biyo ta. Marubuciya za ta sayar da labarinta a zauren WhatsApp, mutum ɗaya ya biya ya tura wa ɗari, wani kuma ya karanta shi a YouTube ya ci kuɗin talla.

Saboda haka ga abin da ya kamata mai sha'awar rubutu ya riƙe. Da zarar ka rubuta labarinka ya zama naka a doka, ba sai ka yi rajista ba, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwarka, magadanka su ci. Mayar da shi fim ko karanta shi a rediyo sai da izininka. Sayar da haƙƙin kuwa ba ya tabbata sai a rubuce. Don haka kada kunya ta hana ka neman takardar yarjejeniya ko da daga amininka ne, a faɗi yawan kwafi da kasonka da wa'adi. Mu kuma a ƙungiyance ya kamata mu tanadi samfurin irin wannan takarda domin sababbin shiga.

Allah ya sa mu ci gumin alƙalaminmu, amin.