Hawan Keke a Hanyar da Babu Motoci: Amfaninsa ga Lafiya da Yadda Za Ka Fara

Idan likita ya ce maka ka riƙa motsa jiki saboda hawan jini, ciwon suga ko ƙiba, abin da ke fara zuwa a rai shi ne: wane iri zan iya? Gudu yana wahalar da gwiwa, ƙwallo kuma ta masu jini a jika ce. Hawan keke yana cikin motsa jikin da ya fi dacewa da mai ciwo da mai shekaru, amma sai an cika sharuɗɗa biyu: ƙasar ta zama shimfiɗaɗɗiya, hanyar kuma ta zama wadda ba a gogayya da motoci a kanta.

Me keke ke yi wa jiki?

Lokacin da kake taka feda, manyan tsokokin cinya da na ƙwauri ne ke aiki. Suna buƙatar ƙarin jini, sai zuciya ta ƙara bugawa, huhu ya ƙara shaƙar iska. In aka ɗore a haka makonni, zuciya tana ƙara ƙarfi, jijiyoyin jini suna saki. A wajen mai hawan jini, motsa jiki irin wannan yakan sauke lambar sama ta awon jini da kimanin maki 5 zuwa 8.

Tsokar da ke aiki tana zuƙar suga daga cikin jini, kuma jiki yana ci gaba da jin aikin sinadarin insulin sosai har kwana ɗaya ko biyu bayan an sauka daga keke. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya bibiyi masu ciwon suga sama da 7,000 a ƙasashen Turai, ya gano cewa mace-mace a tsakanin masu hawa keke ya yi ƙasa da na waɗanda ba sa hawa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Ga mai ciwon gwiwa ko mai nauyin jiki, fa'idar ita ce sirdi ne ke ɗauke da nauyinka. Gwiwa tana lanƙwashewa tana miƙewa ba tare da dukan ƙasa ba. Ban da haka, fita sarari yana rage damuwa, yana gyara barci.

Abu ɗaya da keke ba ya yi sosai shi ne ƙarfafa ƙashi, tun da ƙafa ba ta ɗaukar nauyi. Don haka kada ka daina tafiya a ƙasa, musamman in shekaru sun ja.

Me ya sa sai shimfiɗaɗɗen wuri, kuma babu motoci?

A hawan tudu, hanya ce ke tilasta maka yawan ƙarfin da za ka sa. Bugun zuciya da awon jini suna tashi farat ɗaya, gwiwa kuma ta sha matsi. A shimfiɗa kai ne ke zaɓar gudunka: in ka gaji ka sassauta, in ka ga dama ka tsaya.

Batun motoci kuwa batun rai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Sannan mai taka keke yana shaƙar iska fiye da wanda ke zaune, to in a bayan hayaƙin mota yake, hayaƙin ne ke shiga huhunsa da yawa.

Misalin ƙasar Holan

Ƙasar da ta fi shahara da irin wannan hawan keke ita ce Holan, a arewa maso yammacin Turai. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ƙwarai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata ma yana ƙasa da tsayin ruwan teku, jinga ce ke tare ruwan. Kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa, tana da hanyoyin keke na kimanin kilomita 35,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyen jama'a a kan keke ake yi.

Ba haka abin yake tun asali ba. A 1971 mutum kimanin 3,300 suka mutu a haɗarin hanya a ƙasar, sama da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga suna neman a daina kashe musu 'ya'ya a kan titi. Da aka shiga ƙarancin man fetur a 1973, gwamnati ta hana tuƙa mota a wasu ranakun Lahadi. Daga wannan lokaci aka duƙufa wajen gina hanyoyin keke da aka raba su da titin mota.

Wuraren da ake zuwa shan iska a keke a can iri huɗu ne:

- Karkara: gonaki da makiyayar shanu da aka ƙwato daga ruwa. A Kinderdijk ana bi ta gefen magudanan ruwa, ana wuce tsofaffin injinan iska 19, mafi yawansu an gina su wajen 1740 don kwashe ruwa daga gonaki.
- Jigawar bakin teku: tuddan yashi irin na Meijendel kusa da birnin Hague, da na Zuid-Kennemerland kusa da Haarlem. Hanyoyin keke da suka ratsa su gyararru ne, ba a cikin yashin ake tuƙi ba.
- Fadama: kamar Biesbosch, dausayin da ya samo asali daga ambaliyar 1421, mai yawan tsuntsayen ruwa.
- Bakin kogi: ana bin saman jingar kogunan Maas, Waal da IJssel.

Don kada baƙo ya ɓata, an sa wa mahaɗar hanyoyi lambobi. Mutum yana rubuta lambobin da zai bi a takarda, ya riƙa bin allo daga wannan lamba zuwa waccan. Wani injiniyan haƙar ma'adinai ɗan ƙasar Beljiyam, Hugo Bollen, shi ya ƙirƙiro tsarin, aka fara aiki da shi a 1995, daga baya Holan ta ɗauka. Amfaninsa ga mai ciwo shi ne yana sanin nisan da zai yi tun kafin ya fita. Sai dai wasu sassan hanyoyin ƙananan titunan karkara ne da mota ke bi jefi-jefi.

Masu bincike a Jami'ar Utrecht sun ƙiyasta a 2015 cewa hawan keke yana hana mutuwar mutum kimanin 6,500 duk shekara a Holan, yana kuma ƙara wa jama'ar ƙasar kusan wata shida a tsawon rai.

Duk da haka haɗari bai ƙare ba. A 2022 masu keke kimanin 290 suka mutu a hanyoyin ƙasar, kusan rabinsu 'yan shekara 75 zuwa sama. Da yawa daga cikin waɗanda ake kaiwa asibiti ba mota ce ta buge su ba, faɗuwa suka yi da kansu. Ko a hanyar da babu mota, sai ka kiyaye.

Nawa ne ya isa, kuma ta yaya za ka fara?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Minti 30 sau biyar a mako ya cika mafi ƙarancin adadin.

Ga yadda za ka gane matsakaici: numfashinka ya ƙaru, jikinka ya ɗumama, kana iya hira da abokin tafiya amma ba za ka iya rera waƙa ba. In ba ka iya kammala jimla sai ka ja numfashi, ka wuce gona da iri.

Idan ka daɗe ba ka motsa jiki ba:

- Fara da minti 10, sau uku a mako.
- Ƙara minti 5 duk mako har ka kai 30.
- Yi minti biyar na farko da biyar na ƙarshe a hankali. Tsayawa kwatsam yana kawo jiri, musamman ga mai shan maganin hawan jini.
- Fara tafiya kana fuskantar iska, don ta turo ka a hanyar dawowa lokacin da ka gaji. A fili mara bishiyoyi iska tana gajiyarwa kamar tudu.

Shirya keke da kanka

- Sirdi: in feda ta kai ƙasa, gwiwarka ta kasance a ɗan lanƙwashe kaɗan. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa yana jawo ciwon gaban gwiwa.
- Duba burki, iskar taya da kaca kafin ka fita.
- In keken mai giya ne, zaɓi mara nauyi ka riƙa juyawa da sauƙi.
- Sa hular kwano. Tana rage haɗarin rauni a ka da kusan rabi.
- Tattare bakin wando ko zani da gefen riga don kada kaca ko taya ta kama.
- Dattijo ya nemi keken da ba sai an ɗaga ƙafa sama ba kafin a hau. Wanda jiri ke damu ya yi amfani da mai taya uku ko keken motsa jiki na cikin gida.
- Keken lantarki ya fi nauyi, ya fi gudu. Ka saba da shi a fili tukuna.

Idan kana da ciwo

Hawan jini: kada ka hau keke idan awonka ya kai 180/110 ko fiye, sai an daidaita shi. Magunguna irin su atenolol suna rage bugun zuciya, don haka gwajin hira ya fi maka ƙirga bugu amfani.

Ciwon suga: idan kana allurar insulin ko kana shan glibenclamide da danginsa, suga na iya faɗuwa a hanya ko sa'o'i bayan ka dawo. Auna kafin ka fita. In bai kai 100 mg/dL ba, wato 5.6 mmol/L, ci wani abu tukuna. Riƙe dabino ko alewa a aljihu. Rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani da ruɗewa alamun faɗuwar suga ne: tsaya, ka ci abu mai zaƙi nan take. Sa rufaffen takalmi, ka duba ƙafafunka bayan ka sauka. Idan kana azumi, tuntuɓi likitanka kan lokacin da ya dace.

Ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki: kada ka fara sai likita ya duba ka ya faɗa maka iyakarka.

Asma: riƙe abin shaƙarka, kuma ka haƙura da fita ranar da hazo ya yi kauri.

Sikila: sha ruwa sosai, guji zafin rana da sanyin asuba na hunturu, kada ka bari ka galabaita.

Farfaɗiya: kada ka fita kai kaɗai, kuma ka nisanci hanyar da ke dab da ruwa.

Idan ke mai juna biyu ce, abin tsoro shi ne faɗuwa, musamman da ciki ya girma. Keken cikin gida ya fi miki.

Abin lura a kowane irin wuri

Mafi yawan ƙasar Hausa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma keke ba baƙonmu ba ne. Abin da muke da ƙarancinsa shi ne hanyar da aka keɓe masa. Nemi abin da ya fi kusa da ita: hanyar gona mai tauri, kewayen filin wasa, ko harabar makaranta in an ba ka izini. Ka zaɓi wurin da ka sani kuma akwai tsaro, ka gaya wa na gida inda za ka.

- Jigawa: taya tana nutsewa a sako-sakon yashi, keke ya karkace. Sauka ka tura. A jigawar Holan akwai kaska mai yaɗa cutar Lyme, don haka mai ziyara ya duba jikinsa da yamma ya cire ta da wuri.
- Fadama: sauro yana yawa daga faɗuwar rana. Dawo kafin magariba.
- Bakin kogi: kada ka shiga ruwa don wanka ko wanke keke. A koguna da madatsun ruwan yankinmu ana ɗaukar tsargiya ta fata, mai sa fitsarin jini. Gaɓar kogi kuma takan zabtare da damina.
- Zafi: fita bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya. Tafi da ruwa ka riƙa kurɓa kafin ƙishirwa ta kama ka. Mai ciwon ƙoda ko raunin zuciya da aka ƙayyade wa ruwa ya bi adadin da likita ya ba shi.

Yaushe za ka tsaya ka nemi likita?

Sauka daga keke nan take, a kai ka asibiti, idan ka ji ɗaya daga cikin waɗannan:

- ciwo ko nauyi a ƙirji, ko da ya bazu zuwa hannu, wuya ko muƙamuƙi
- ƙarancin numfashi da bai lafa ba bayan ka huta
- jiri mai tsanani ko suma
- bugun zuciya mara tsari
- karkacewar baki, sarƙewar magana ko mutuwar hannu ko ƙafa
- ruɗewa da zafin jiki mai tsanani bayan shan rana
- amai, ciwon kai mai ƙaruwa ko yawan barci bayan ka bugu a ka

Idan ka faɗi ka ji rauni, wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ka tambayi ma'aikacin lafiya ko kana buƙatar allurar rigakafin tetanus. Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu a makon farko ba abin damuwa ba ne, amma gwiwar da ta kumbura ko ciwon da ya wuce mako yana buƙatar a duba.

Motsa jiki ba ya maye gurbin magani. Ci gaba da shan magungunanka, ka riƙa rubuta awon jininka da na suga, ka kai wa likitanka a ranar ganinsa. In awon ya sauka, shi ne zai yanke shawarar ko a rage maka magani.