Tarihin Juya Kaset ɗin Bidiyo Zuwa Faifai Tsakanin Tsare-tsaren Talabijin

Juya kaset zuwa faifai aiki ne na kwashe hoto da sautin da ke kan kaset ɗin bidiyo a mayar da su kan faifan VCD ko DVD. Idan a ƙasa ɗaya aka ɗauki kaset ɗin kuma a can za a kalle shi, aikin ba wuya. Da zarar ya ƙetare iyaka kuwa, sai an fara daidaita tsarin hotonsa, domin duniya ba ta taɓa haɗuwa a kan tsarin talabijin guda ɗaya ba.

Asalin rabuwar

Amurka ta tsayar da tsarinta na NTSC a 1941, ta ƙara masa launi a 1953. Layuka 525 ne a cikinsa, yana nuna hotuna kusan 30 a kowane sakan, daidai da wutar lantarkin ƙasar mai bugawa sau 60 a sakan. Kanada da Meziko da Japan suka bi sahu. A Turai wutar sau 50 take bugawa, saboda haka akasarin ƙasashenta suka ɗauki layuka 625 da hotuna 25. Sai dai a wajen launi su ma suka rabu biyu. Walter Bruch na kamfanin Telefunken a Jamus ya ƙirƙiro PAL, Henri de France kuma ya ƙirƙiro SECAM a Faransa. Duk biyun a 1967 aka fara watsa shirye-shirye da su: PAL a Birtaniya da Jamus ta Yamma, SECAM a Faransa da Tarayyar Sobiyet. Ƙasashen Afirka da yawa sun bi tsarin tsofaffin iyayengijinsu, shi ya sa Nijeriya da Gana suka ɗauki PAL, Nijar da Chadi suka ɗauki SECAM.

Na'urorin farko

Gidajen talabijin ne suka fara cin karo da matsalar. Dabararsu ta farko ita ce a nuna hoton a allo, a kafa kyamara mai ɗaya tsarin a gabansa ta sake ɗauka. Da irin wannan hanya aka juya hoton saukar Apollo 11 a duniyar wata a 1969, abin da ya ƙara masa dishi-dishi. BBC ta ƙera na'urar juyawa ta lantarki wadda ta yi aiki da ita a gasar Olamfik ta Meziko a 1968, sannan a farkon shekarun 1970 injiniyoyin Birtaniya suka fito da ta dijital mai suna DICE. Waɗannan na'urori manya ne masu tsada, sun fi ƙarfin mutum ɗaya.

Zamanin kaset

Sony ta fito da Betamax a 1975, JVC ta biyo da VHS a 1976, daga nan matsalar ta shiga gidajen mutane. A ido kwanson kaset ɗin VHS iri ɗaya ne a ko'ina, amma gudun zarensa ya bambanta: kimanin milimita 33 a sakan a NTSC, milimita 23 a PAL. Wanda aka aiko wa kaset ɗin biki daga Amurka, in ya saka shi a bidiyon PAL, sai hoto ya yi ta tsalle, murya ta ja. Kaset ɗin SECAM kuwa yakan fito a na'urar PAL, amma baƙi da fari. Kamfanoni sun ƙera bidiyo mai karɓar kowane tsari, sai dai yawancinsu kunna kaset ɗin kawai suke yi don a kalla a talabijin ɗin da ya dace. Ba sa canza yawan layuka ko na hotuna. Juyawa ta gaskiya sai a shagon da ke da na'urarta.

Zuwan faifai

VCD ya fito a 1993, DVD kuma a Japan a 1996. Da yake dijital ne, bambancin launi tsakanin PAL da SECAM ya ɓace a kansu, amma na layuka da hotuna ya tsaya. DVD na ɓangaren NTSC ɗigo 720 sau 480 ne, na PAL 720 sau 576. An kuma ƙara wani shinge, wato lambar yanki: Amurka da Kanada 1, Turai da Japan 2, yawancin Afirka 5. Faifan da aka buga a gida galibi ba ya ɗauke da wannan lamba. A Kano, finafinan Hausa da suka soma a kan VHS da fim ɗin Turmin Danya a 1990 sun koma VCD a shekarun 2000.

Yadda ake aikin

Ana kunna kaset a na'urar da ta dace da tsarinsa, a bi da hoton ta cikin wata da ke gyara rawar da zare ke jawowa, a shigar da shi kwamfuta. Daga NTSC zuwa PAL dole a ƙaro layuka, a rage hotuna wajen biyar a kowane sakan. In akasin haka ne, a rage layuka a ƙirƙiro hotunan da babu. Na'ura mai araha zubar da hoto take yi ko ta maimaita shi, sai motsi ya riƙa sarƙewa. Masu inganci lissafa motsin suke yi su gina sabon hoto a tsakani. Kaset ɗin kasuwa kuma da yawa na ɗauke da kariyar Macrovision mai ɓata kwafi. Saboda kowace juyawa tana rage inganci, masu adana kayan tarihi sun fi son a kwashe kaset a tsarinsa na asali. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya daina a watan Yulin 2016, don haka aikin yanzu ya rataya ne a kan tsofaffin na'urorin da suka rage.