Gwajin ɓangare

gwajin ɓangare (suna, namiji, jam'i: gwaje-gwajen ɓangare). Gajeren umarni ne da mai ƙera manhajar waya ke rubutawa don ya jarraba ƙaramin aiki guda shi kaɗai, ya ga ko amsar ta dace da abin da ake tsammani.

Kent Beck da Erich Gamma ne suka samar da JUnit, manhajar rubuta irin wannan gwaji, a 1997, kuma har yau da shi ake gwada manhajojin Android. Na iPhone kuwa XCTest ne.

A ce wani matashi a Boɗinga yana haɗa wa dillalan albasa manhajar lissafi. Sai ya shigar mata da kuɗin buhu da ladan dako zuwa Shagari, ya rubuta jimillar da ya sani, kwamfuta ta kwatanta. In daidai ne ta nuna kore, in kuskure ne ta nuna ja. Gwani ba ya tsayawa nan. Yana gwada sifili, da bashi, da intanet ta ƙarya mai yankewa, da mai neman "Bodinga" ba ƙugiya. Wannan na ƙarshen, abin takaici, shi aka fi mantawa, alhali ba kowa ke da ɗ a wayarsa ba.