Alƙiblar Kano da Tarihin Da'ira Mai Awo Ɗaya

Tun zamanin da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya gina masallacin Juma'a a cikin birni, wajibi ne duk mai aza harsashin masallaci ya san inda alƙibla take. A bakin Bahaushe alƙibla ita ce gabas, har akan ce mai salla ya dubi gabas. Amma Makka ba gabas sak take da Kano ba, domin Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Makka kuwa wajen digiri 21. Sanin gwargwadon wannan karkata aikin ilmin hisabi ne, kuma tarihinsa mai tsawo ne.

Malaman Indiya su ne suka fara auna rabin igiyar baka a cikin da'ira. Larabawa suka karɓi wannan awo suka kira shi jaibu, daga nan ya shiga Latin, ya zama sain ɗin da muke koyarwa yau. Magabata sukan raba layin da ya tashi daga cibiyar da'ira zuwa bakinta kashi 60. Abul Wafa (940–998), masanin taurari a Bagadaza, yana cikin waɗanda suka fara mai da wannan layi awo ɗaya tak. Albiruni kuma, a littafin da ya kammala a 1025, ya lissafa alƙiblar birnin Gazna.

To, bari mu gwada da Kano. Mu zana da'ira mai awo ɗaya, cibiyarta inda liman ke tsayawa, mu ja layi ɗaya gabas, ɗaya arewa. Lissafi ya nuna alƙibla ta karkata daga gabas zuwa arewa da kimanin digiri 22. Ɗigon da layinta ya yanki da'irar yana da awo biyu: kosain 0.93 wajen gabas, sain 0.37 wajen arewa. Watau in magini ya auna taku 93 gabas, sa'an nan 37 arewa, igiyar da ya ja daga mafarinsa zuwa inda ya tsaya ita ce alƙibla.

Saboda haka muke ganin ya kamata malaman kwalejojinmu su fara wannan darasi daga alƙibla. Ɗalibin da ke ɗaukar sain da kosain baƙin abubuwa zai gane cewa malaman Musulunci sun yi musu hidima, kuma da su ake daidaita sahu da makwancin mamaci.