Tarihin Sauƙaƙa Girka Buɗaɗɗun Manhajoji

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka bayyana rubutun da aka gina ta da shi, suka halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba. Galibi kyauta ce, amma da farko gwanaye kaɗai ke iya girka ta: sai mutum ya sauko da rubutun, ya harhaɗa shi da kansa, sannan ya shiga farautar sauran manhajojin da ta dogara a kansu.

Ian Murdock ya kafa Debian, wani nau'in Linux, buɗaɗɗiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1993. A 1998 tsarinta na APT ya fito, wanda da umarni ɗaya yake ɗauko manhaja daga rumbu tare da duk abin da take buƙata. Knoppix, na Klaus Knopper, ya biyo baya a 2000: a sa faifan CD, kwamfuta ta tashi da Linux ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba.

Wanda ya fi fahimtar matsalar Afirka shi ne Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, da ya fito da Ubuntu a Oktoban 2004. Ya san cewa a wurare da yawa intanet ɗin ce babu, don haka kamfaninsa, Canonical, ya riƙa aika faifai ta gidan waya kyauta ga duk wanda ya nema, har zuwa 2011. A 2007 kuma aka gwada ƙananan kwamfutocin XO masu Linux a firamaren Galadima da ke Abuja, manhajojin na girke tun daga masana'anta.

Daga baya harkar ta koma waya. F-Droid, rumbun buɗaɗɗun manhajojin Android da aka buɗe a 2010, yana ba wayoyi biyu damar musayar manhaja ta Bluetooth ko Wi-Fi, ba data. Wannan ya dace da ƙauyuka irin Gwashi da sauran yankin Bukkuyum, Anka da Gummi a jihar Zamfara, inda aka saba karɓar fim da waƙa a wurin masu turi ko a katin memori. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga, aka yi makonni ba sabis. A lokacin, manhajar da mutum zai iya samu ita ce wadda ke cikin wayar maƙwabcinsa, kuma lasisin buɗaɗɗiyar manhaja ya halatta wannan turin tun asali.